Guzurin Mai Tsohon Ciwo: Magani, Inshora da Kuɗin Asibiti a Ƙasar Wasu

Sharhinmu na yau ya shafi mutumin da tafiya ta kama shi alhali yana kan magani.

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai, a Kano ne ko Sakkwato ko Yamai, ya san yadda ake haɗa jaka. An daka yaji an ƙulle, an zuba kuka da busasshiyar kuɓewa, ga garin kunu, ga zannuwa da harami sabbi fil. An auna an rage, an sake aunawa. Sai ana gab da kiran suna wani cikin 'ya'ya ya tuna, ya ce, "Inna, ina maganinki?" Tsohuwa ta kwance bakin zane ta fito da 'yar leda, ƙwayoyi farare da jajaye a cakuɗe, an ɓare su daga kwalinsu don kada su ci wuri. Ita dai ta san ƙaramin farin na safe ne, dogon kuma na bayan cin abinci. Sunansu ne ba ta sani ba. Idan kuwa aka zauna aka ƙirga, ba za su kai ta mako uku ba, a tafiyar da kan ci wata guda har da ɗoriya.

Ba alhazai kaɗai abin ya shafa ba. Akwai ɗan kasuwar Kwari mai hawan jini da ke zuwa Gwanzu saro kaya. Akwai uwa mai ciwon suga da aka aiko wa da biza ta je Ingila zaman jegon 'yarta. Akwai matashi mai sikila da ya sami gurbin karatu a Masar, da dattijon da aka yi wa dashen ƙoda a Indiya, likita ya ce ya dawo bayan wata shida. Dukkansu da ciwonsu suke barin gida, kuma galibi sun ɗauka cewa takardar inshorar da aka haɗa musu da biza za ta tsaya musu idan ciwon ya tashi. Nan ne ake samun babban kuskure.

Inshorar tafiya an gina ta ne a kan abin da ya auko farat ɗaya: hatsarin mota, karaya, zazzaɓin da ya kwantar da mutum, ko rasuwa da ɗawainiyar gawa. Mai neman bizar ƙasashen Turai na Shengen, alal misali, ba za a ba shi ba sai ya nuna inshorar da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000, kuma abin da doka ta ambata shi ne jinyar gaggawa, kwanciya asibiti ta gaggawa, da mayar da mara lafiya ko gawa gida. Saudiyya ma ta haɗa inshora a cikin kuɗin bizar Umara. A watan Janairun 2023 ma'aikatar Hajji da Umara ta rage kuɗinta daga riyal 235 zuwa riyal 87. Tana aiki kwana 90 daga ranar shiga ƙasar, tana kuma biyan jinyar gaggawa har zuwa riyal 100,000. Wannan tsari ne mai kyau, ya kuma ceci mutane da dama daga bashi. Amma riyal 87 ba kuɗin maganin hawan jini na wata-wata ba ne, ba na gwajin jinin da likita ya saba yi wa mutum ba ne, ba kuma na aikin idon da aka daɗe ana ɗagawa a gida ba.

A yawancin takardun inshorar tafiya akwai sakin layi guda da ya fi kowanne muhimmanci ga mai tsohon ciwo, shi ne wanda ke bayani a kan ciwon da mutum yake da shi kafin ya sayi inshorar. Wasu kamfanoni sukan cire shi gaba ɗaya. Wasu sukan ce za su biya idan ya tashi ba zato har rai ya shiga haɗari, su tsaya da zarar mutum ya farfaɗo. Wasu kuma sukan karɓe shi idan an bayyana musu tun farko, a ƙara kuɗi. Matsalar ita ce a wajenmu ba kasafai matafiyi ke cike takardar da hannunsa ba. Ejan ne ke cikewa, cikin sauri, shi kuma burinsa biza ta fito. Inda aka tambaya ko mutum yana da wani ciwo, sai ya danna "babu" ya wuce. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kama Alhaji a otal, kamfanin zai nemi bayanan asibiti, ya ga shekara goma ana ba shi maganin hawan jini, ya ce an ɓoye masa gaskiya, ya janye hannunsa. A lokacin nan iyali ke jin labarin sakin layin a karon farko, suna tsaye a gaban mai karɓar kuɗi.

To, ina katin inshora na gida? A watan Mayun 2022 tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihohi ma suna da nasu, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ma'aikacin da ke cikin tsarin tarayya ya saba biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani ya karɓi sauran. Sai dai katin nan a ɗaure yake da asibitin da mutum ya yi rajista, kuma ƙarfinsa a bakin iyaka yake ƙarewa. Asibiti a Alƙahira ko Jidda ba shi da wata alaƙa da shi. Ko a cikin ƙasa ma, ma'aikacin jiha da aka tura kwas na wata uku a Legas yakan sha wahala kafin wani asibiti ya ba shi maganinsa na kullum da katin jiharsa. Wannan kuma ga wanda ke da katin ke nan. Mafi yawan jama'a ba su da shi, domin fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da 'yan uwansu yake fitowa.

Da yawa sun ji ana cewa asibiti kyauta ne a Ingila. Kyauta ne ga mazauna ƙasar, kuma ɗalibai da ma'aikatan da suka je zama sun riga sun biya nasu tun wajen neman biza: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara, ɗalibi kuma fam 776. Baƙon da ya je ziyara za a duba shi a sashen gaggawa ba a karɓi ko sisi ba, amma da zarar an kwantar da shi lissafi ya fara, kuma ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na ainihin farashin aikin. Idan bashin ya kai fam 500 ya kuma wuce wata biyu ba a biya ba, asibiti na kai sunansa ma'aikatar cikin gida, wanda hakan kan sa a hana shi biza nan gaba. Uwar da ta je jego suganta ya hau aka kwantar da ita kwana biyar, tana iya dawowa gida lafiya lau, amma ta bar wa 'yarta da surukinta bashin da zai hana ta sake zuwa ganin jikan. A Amurka kuwa akwai dokar 1986 da ta tilasta wa sassan gaggawa su ceto ran mutum ko yana da kuɗi ko babu. Dokar ba ta yafe kuɗin ba. Takardar biya na biyo baya, kuma kwanciyar 'yan kwanaki a can kan kai dubban daloli masu yawa.

Aikin Hajji ya bambanta da duk waɗannan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A lokacin Hajji asibitocin gwamnatin Saudiyya na duba alhazai kyauta, har da manyan ayyuka irin na zuciya. Ranar Arfa akan jera motocin asibiti a kai waɗanda ke kwance filin Arfa don kada aikinsu ya ɓaci. Hukumar alhazai ta Najeriya ma tana tafiya da tawagar likitocinta. Don haka a nan ba kuɗin asibiti ne babbar barazana ba, jikin mutum ne da zafin rana. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301. Kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta ɗauke su, sun yi ta tafiyar ƙasa a cikin rana. Hukumomi sun ce a cikinsu akwai tsofaffi da masu cututtuka na dindindin. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya laɓe don ya rage kuɗin kujera, ya san cewa abin da ya rage ɗin shi ne inuwa, da mota, da sauƙin zuwa wurin likita ba tare da tsoron kamu ba.

Zafin nan yana da yadda yake shafar mai magani. Wanda ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ga gumi yana zuba, ga shi yana ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki a Mina, jininsa na iya faɗuwa ya yanke jiki, ƙodarsa kuma ta wahala. Mai ciwon suga da ya yi allura da safe sannan ya kama hanyar jifa da ƙafa, abinci bai iso ba, sugansa na iya yin ƙasa sosai. Alamomin kuwa, rawar jiki da gumi da ruɗewa, sun yi kama da na gajiyar da kowa ke fama da ita, sai abokan tafiya su ce masa ya daure. 'Yan ƙwayoyin dabino a jakar wuya, da abokin ɗaki guda da ya san halin da ake ciki, sun isa su raba shi da asibiti.

Sai batun ƙafa, wanda likitocin Hajji suka sani sarai. Mutum ya fito daga Harami bayan azahar ya nemi silifas ɗinsa ya rasa. Masauki ba nisa, in ji shi, bari ya taka. Mai lafiya da ya ɗora tafin ƙafarsa a kwaltar Makka da rana tsaka ba zai yi taku uku ba zai yi tsalle ya nemi inuwa. Amma wanda suga ya daɗe a jikinsa, jijiyoyin ƙafarsa sun mutu, ba ya jin komai. Haka zai taka har masauki yana hira. Sai ya zo alwalar la'asar ya ga fatar tafin ƙafar ta tashi ta yi ruwa, wani wurin ma ta saɓule. Ƙuna a ƙafar mai suga ba ta saurin warkewa, kuma wasu a kan haka aka yanke musu yatsu. Silifas na biyu a cikin jaka bai kai riyal goma ba.

A 'yan shekarun nan ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta fito fili ta lissafa waɗanda ba ta ɗauke su a masu ikon yin Hajji ba: mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciyar da ɗan motsi kaɗan ke sa shi haki, mai ciwon huhun da sai da iskar taimako, mai ciwon hanta da ya yi nisa, mai gigin tsufa, mai sankarar da ake kan yi wa magani, da mai tsohon ciki. Wannan hukunci yana da ɗaci, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba shi da shi. Mutum ya shekara yana zuba adashin gata, ko ya sayar da gona, ya haɗa kuɗin kujerar da a 2025 ya haura naira miliyan takwas, sannan likita ya dube shi ya ce bana ba da kai ba. Shi ya sa ake ɓoyewa. Ana shan magani ninki biyu ranar tantancewa don awo ya sauka, ana roƙon ma'aikaci ya rufa asiri, wani ma ya zo da takarda daga babban mutum. Ma'aikacin lafiyar da ya sa hannu a kan abin da ya san ƙarya ne, yana ganin taimako ya yi, amma ya ɗora wa abokan ɗakin mutumin jinya, ya kuma tura shi inda ciwon zai fi ƙarfinsa. Malamai sun daɗe da bayanin cewa lafiyar jiki na cikin ikon da ke wajabta Hajji, kuma wanda ciwo ya kwantar da shi ba a sa ran warkewa, ana iya yi masa. Ya kamata wannan bayani ya riƙa fitowa daga bakin masu bita tun kafin a kai ga teburin likita.

Mai wankin ƙoda da tafiya ta zame masa dole, ta aiki ko ta jinya, shi ne wanda lissafinsa ya fi kowa tsauri. Galibi sau uku ake so a yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma tsallake biyu a jere na iya tara ruwa a huhu da gishirin da ke tsayar da zuciya. Ba a sauka a gari sannan a fara neman inji. Ana kama gurbi tun makonni kafin tashi, cibiyar da za ta karɓe shi kuma za ta nemi sabon sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na cuta mai karya garkuwar jiki, da bayanin yadda ake yi masa wankin a gida. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare. Wannan rangwame na gida ne. A waje cikakken farashi zai biya, da kuɗin ƙasar, sau adadin zaman da kwanakin tafiyarsa suka ƙunsa.

Yanzu a dawo kan jakar maganin kanta. Abu na farko shi ne suna. Magani ɗaya yana da sunan asali, yana kuma da sunayen kamfanoni barkatai. Wanda ya saba ce wa mai kemis a ba shi Glucophage, abin da yake sha metformin ne. Norvasc kuma amlodipine ne. Mai kantin magani a Madina ko Delhi ba lallai ya san sunan da ake kira a Sabon Gari ba, amma zai gane sunan asali da ƙarfin ƙwayar. Saboda haka takardar likita mai hatimi, mai ɗauke da sunan ciwo, sunan asalin kowane magani da yadda ake shan sa, ta fi kowace takarda amfani bayan fasfo. A bar kowane magani a kwalinsa. A ɗauki hoton takardar a waya, a kuma tura wa wani a gida.

Masu allurar insulin suna da ƙarin abin lura. Wadda ba a buɗe ba a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma idan ta daskare ta lalace, don haka ba a sa ta cikin babbar jakar da ke shiga ƙarƙashin jirgi. Dama jakar nan tana iya ɓata ko ta biyo wani jirgin bayan kwana huɗu. Wadda aka buɗe kuwa tana yin kimanin mako huɗu a waje. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna tana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37 na tsawon mako huɗu. Labari ne mai daɗi ga mutanen ƙasa mai zafi da ƙarancin wuta. Sai dai cikin motar da aka ajiye a rana a Makka ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Akwai kuma haɗarin sayen wata a can. A wasu ƙasashe, ciki har da Indiya, har yanzu ana sayar da mai ƙarfin 40 tare da mai ƙarfin 100, kowacce da sirinjinta. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin mai 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Hatta na'urar awon suga ma ma'auni biyu ne a duniya: sugan da na'urar Ingila ta nuna 7, ta Masar za ta nuna shi 126.

Agogo ma yana canzawa. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi, Sin da awa bakwai. Ga mai maganin hawan jini wannan ba wani abin damuwa ba ne. Ga mai insulin, da mai farfaɗiya, da wanda aka yi wa dashe yake shan maganin hana jiki ƙin ƙodar duk bayan awa goma sha biyu, tambaya ce da ya kamata a yi wa likita kafin a hau jirgi.

Wani maganin kuma, halas ne a nan amma kurkuku ne a can. A 2017 an kama wata 'yar Ingila a filin jirgin Hurghada na Masar da ƙwayoyin taramadol 290, ta ce na ciwon bayan abokin zamanta ne, kotu ta yanke mata shekara uku. Mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, ta je Umara da mahaifiyarta, bayan wasu sun maƙala sunanta a jakar da ke ɗauke da taramadol tun daga filin jirgi. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Saudiyya da Daular Larabawa duk suna neman izini da rahoton likita na kwanan nan kafin a shigar da magunguna masu sa maye ko barci, ko da na mara lafiya ne na gaskiya, adadin kuma yana da iyaka. Wannan ya shafi masu sikila kai tsaye, domin su ne ke buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi idan rikicin ya tashi, kuma doguwar tafiya a jirgi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da shi. Ya shafi masu farfaɗiya da masu larurar ƙwaƙwalwa. Haka nan al'adar nan ta "don Allah riƙe min wannan ƙullin ka kai wa wane", duk kunyar da mutum ke ji, bai kamata ya karɓi abin da bai buɗe ya gani ba.

Ga waɗanda jinyar ce ta fitar da su, lissafin da asibiti ke aikowa ta waya rabin labari ne. Takardar kan nuna kuɗin aiki da kwanakin gado. Ba ta nuna hayar ɗaki na wata biyu kusa da asibiti, da abinci, da tikitin mai jinya, da kuɗin tafinta, da abin da zai biyo baya idan ciwo ya rikice aka koma ɗakin masu tsananin jinya. Indiya tana ba da bizar jinya, tana kuma ba da ta masu rakiya har mutum biyu, amma kowannensu baki ne da za a ciyar. Sai canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Aikin dala 10,000 da aka yi wa lissafin ƙasa da miliyan biyar ya koma miliyan goma sha biyar, kuma akwai iyalan da canjin ya riske su suna tsakiyar jinya. A cikin wannan tsakanin ne kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya, a watan Agustan 2023, farashin abin shaƙar masu asma da wasu magunguna ya yi tashin gwauron zabi.

Dashen ƙoda ya fi kowanne nuna cewa kuɗin aiki rabin labari ne. 'Yan uwa da abokan arziki kan yi karo-karo, a yi shela a masallaci da rediyo, a haɗa kuɗin aiki, a yi nasara, a dawo ana murna. Amma maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar na har abada ne, da gwajin jini a kai a kai, kuma ba kasafai ake yin karo-karo na biyu ba. Ƙodar da aka kashe miliyoyi a kanta tana lalacewa saboda an rasa kuɗin maganin wata uku. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin dashe tun 2002. Ko da mutum ya zaɓi waje, hikima ita ce ya san likitan gida da zai karɓe shi, da kuɗin maganin shekarar farko, kafin ya sayi tikiti.

Ranar dawowa ma ba ta hannun matafiyi. A watan Maris na 2020 Najeriya ta rufe filayen jiragenta saboda korona, ba a buɗe na ƙasa da ƙasa ba sai Satumba, mutanen da suka je mako biyu suka yi watanni. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibai da masu jinya da Hausawan Sudan kansu suka tsinci kansu a garin da asibitoci ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma galibin takardun inshora ba sa biyan abin da yaƙi ya jawo. Ko babu annoba babu yaƙi, jigilar dawo da alhazai kan ɗauki makonni. Ƙarin maganin mako biyu a kan kwanakin tafiya shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata. Masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki ana iya ba su na wata uku zuwa shida a lokaci ɗaya idan sun nema, sai dai kunya kan hana wasu faɗin cewa za su yi tafiya.

Akwai masu sauraron da duk wannan bayani zai tsaya musu a wuya saboda tambaya guda: inshora ma halas ce? Tambaya ce ta gaskiya, malamai kuma sun amsa ta. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1977, da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a 1985, sun bambanta tsakanin inshorar kasuwanci, wadda suka ƙi, da ta taimakekeniya, wadda suka halatta. A Sudan aka kafa kamfanin farko na takaful, wato inshorar taimakekeniya, a 1979. A Najeriya hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Amma sunan Musulunci a saman takarda bai ɗauke wa mutum karanta sakin layin tsohon ciwo ba, domin su ma suna da nasu sharuɗɗan.

Nauyin nan bai kamata ya tsaya a kan matafiyi shi kaɗai ba. Dattijon da bai iya karanta Turanci ba, ba laifinsa ba ne idan bai fahimci shafi goma na ƙananan rubutu ba. Kamfanin jirgin yawo da ya karɓi miliyoyinsa ya kamata ya damƙa masa takardar inshorar a hannu, ya nuna masa lambar da ake kira, ya gaya masa da Hausa abin da za a biya da abin da ba za a biya ba, domin kamfanoni da yawa suna sharɗanta a kira su kafin a shiga asibitin kuɗi ko jim kaɗan bayan shiga. Alhazai da masu Umara da yawa sun biya da aljihunsu abin da inshorar cikin bizarsu za ta biya, don kawai ba wanda ya gaya musu tana nan. Hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su ware zama guda a cikin bita, likita ya zauna da masu suga da hawan jini su kaɗai, kowa da magungunansa a hannu. Hukumomin inshora na jihohi kuma su amince a ba mai tafiya maganin wata biyu ko uku a lokaci ɗaya idan ya nuna tikiti, maimakon a ce sai na wata guda.

Bayan an sauka lafiya, an yi barka da zuwa an raba tsaraba, akwai sauran aiki guda. Wanda ya kwanta asibiti a waje ya tabbata ya taho da takardar sallama da sakamakon gwaje-gwaje, da rasit idan zai nemi a mayar masa da kuɗi, domin kamfanoni na da wa'adin karɓar ƙorafi. A cikin makon farko ya kwashi magungunan da aka ba shi a can da waɗanda ya bari a gida, ya kai wa likitansa gaba ɗaya. Likitoci sun sha ganin wanda ya dawo yana jiri yana faɗuwa, da aka duba sai aka tarar maganin hawan jini ɗaya yake sha sau biyu, ɗaya a kwali mai rubutun Larabci, ɗaya a kwalin da ya saba saya a kemis ɗin unguwa.